Wakilin marubuci da ke neman kuɗi kafin ya sayar da littafi

Wata baiwar Allah mai sayar da atamfofi da leshi a kasuwar Kantin Kwari da ke Kano ta aiko da tambaya. Ta ce ta kammala rubuta wani ƙagaggen labari da Turanci, tana kuma da wasu guda biyu da Hausa, sannan ta ji ana cewa manyan kamfanonin ɗab'i na Ingila da Amurka ba sa karɓar rubutu sai ta hannun wakili. Ana cikin haka wani mutum ya tuntuɓe ta ta Facebook, ya ce shi wakilin marubuta ne a Landan, zai kai littafinta inda za a saya idan ta biya dala 400 na karatu da rajista. Tana son ta san ko ya dace ta ciri kuɗin daga jarinta, idan kuma bai dace ba, ta wace hanya ake samun wakili na gaskiya.

Hajiya, Allah ya ƙara albarka a kasuwa da alƙalami. Kada ki taɓa jarinki, kada kuma ki tura wa mutumin nan ko sisi. Wakilin marubuci dillali ne, kuma kin fi ni sanin cewa dillali ba ya karɓar la'ada sai ciniki ya faɗa. A Ingila da Amurka al'adar sana'ar ita ce wakili ya ɗauki kashi 15 cikin ɗari na abin da littafi ya kawo a kasuwar ƙasarsa, da kashi 20 cikin ɗari idan an sayar da haƙƙin fassara ko haƙƙin bugawa a wata ƙasa, kuma ƙungiyoyin wakilai na ƙasashen biyu sun hana 'ya'yansu karɓar kuɗin karatu daga marubuta. Wanda ya karɓi dala 400 daga hannunki tun kafin ya nuna wa kowa rubutun ya riga ya ci ribarsa, don haka babu abin da zai tashe shi ya yi ta yawo da littafinki ofis-ofis. Bayan haka, akwatin saƙon wakilai na gaskiya cike yake da wasiƙun marubuta, da wuya su bi wanda bai taɓa buga komai ba su roƙe shi. 'Yan damfara kan ari sunan wakilin da yake akwai da hotonsa, saboda haka ko da kin bincika kin ga sunan a intanet, ki gwada adireshin imel ɗin da aka rubuto miki da shi da wanda ke shafin kamfanin. Akwai kuma shafin Writer Beware da ya daɗe yana tona asirin irin waɗannan mutane.

Abin da kika ji game da manyan kamfanoni gaskiya ne. Penguin Random House da HarperCollins da Hachette da Macmillan da Simon & Schuster galibi ba sa buɗe rubutun da bai biyo ta hannun wakili ba. Wakili shi ya san editan da ke neman irin labarinki, shi zai taya ki gyaran rubutun kafin a fita da shi, shi ne kuma zai zauna a kan yarjejeniya sashe bayan sashe. A ganina nan ne la'adarsa take halatta, domin littafi ɗaya yana da haƙƙoƙi da yawa da ake sayarwa daban-daban: na bugawa a Birtaniya, na Amurka, na fassara zuwa kowane harshe, na karantawa a faifan murya, da na fim. Kamfani zai so ya haɗa su duka ya saya da kuɗi ɗaya, wakili nagari kuwa zai rarraba su. Ga marubuciya daga nan gida akwai haƙƙi guda da nake ba da shawarar a riƙe, wato na bugawa a Najeriya, domin littafin da aka buga a Landan aka yi masa farashi da fam, kafin ya iso shagon littattafai a Kano ya fi ƙarfin yawancin waɗanda aka rubuta labarin a kansu.

Ya kamata kuma ki san yadda kuɗin yake zuwa, don kada ki gina lissafin shago a kansa. Kamfani yakan ba da kuɗin kafin alƙalami, wanda ake cirewa daga kason marubuci na cinikin littafin, kuma ba za ki ƙara ganin wani kuɗi ba sai ciniki ya cike wannan adadi, abin da littattafai da yawa ba sa kaiwa. A ɗauka, a matsayin misali kawai, wani kamfanin Amurka ya saya a kan dala 10,000. Wakili zai ɗauki 1,500. Hukumar harajin Amurka tana riƙe kashi 30 cikin ɗari na irin wannan kuɗi idan mai karɓa yana zaune a ƙasar da ba ta da yarjejeniyar haraji da su, kuma Najeriya tana cikin waɗannan ƙasashe. Abin da ya rage ba a dunƙule zai zo ba, a kan raba shi gida uku ko huɗu: ranar sa hannu, ranar da aka amince da rubutun bayan gyara, da ranar fitowar littafin, wadda takan kai shekara ɗaya da rabi ko biyu bayan sa hannu. Kuɗin kuma yana bi ta asusun wakili ne, ya cire nasa ya turo miki naki tare da takardar lissafi.

Neman wakili ba ya cin kuɗi sai na data. Ki fara da tabbatar da cewa labarin ya kammala kuma an tace shi, tsawonsa kuma yana tsakanin kalmomi 70,000 zuwa 100,000, wanda shi ne abin da aka saba gani a ƙagaggen labari na manya. Daga nan ki ɗauko littattafan da suka yi kama da naki waɗanda suka fito cikin shekaru biyar da suka wuce, musamman na marubutan Afirka, ki buɗe shafin godiya da ke ƙarshe, domin kusan kowane marubuci yakan ambaci wakilinsa a wurin. Kundin Writers' & Artists' Yearbook da ke fitowa duk shekara a Ingila da shafin QueryTracker za su ƙara miki sunaye, amma shafin kamfanin wakilin shi ne abin bi, don a nan zai faɗi ko ƙofarsa a buɗe take da abin da yake so a turo.

Wasiƙar neman wakilci shafi ɗaya ce, kalmomi kamar 300, kuma a kanta yawancin marubuta suke faɗuwa. Ki ambaci sunan wakilin, ki faɗi a jimla ɗaya dalilin da ya sa kika zaɓe shi, sannan ki kawo sunan littafin da nau'insa da yawan kalmominsa. Doguwar gaisuwa irin tamu da tambayar iyali ba su da gurbi a nan, mai karatun yana da ɗaruruwan wasiƙu a gabansa. Tsakiyar wasiƙar ita ce komai: wace ce jarumar, me take nema, me ya tare mata hanya, me za ta rasa idan ta kasa. Idan kika rubuta cewa labari ne na soyayya da haƙuri da cin amana, ba ki faɗi komai ba, domin dubban labarai haka suke. Idan kuwa kika ce bazawara ce da mijinta ya rasu ya bar mata rumfa a kasuwa da bashin da ba ta san da shi ba, kuma mai bin bashin ya ba ta zuwa ƙaramar salla ta biya ko ta ba shi auren 'yarta, to wakili ya ga mutum, ya ga wa'adi, zai so ya san yadda aka ƙare. Ki ambaci littattafai biyu na kwanan nan da masu karanta su za su so naki, ki rufe da layi biyu a kan kanki. Kada ki ɓoye cewa ke 'yar kasuwa ce a Kantin Kwari, musamman idan labarin ya shafi kasuwa. Batun cewa ƙawayenki sun karanta sun yi kuka kuwa, ki bar shi a gida. Wakilan Ingila sukan nemi wasiƙar da taƙaitaccen labarin a shafi ɗaya, har da yadda ya ƙare, da babi uku na farko, na Amurka kuwa sau da yawa shafi biyar ko goma na farko suke so a liƙa a cikin saƙon.

Ki riƙa turawa rukuni-rukuni, mutum takwas ko goma a lokaci guda, kina rubuta suna da ranar turawa. Amsa takan ɗauki mako shida zuwa goma sha biyu, da yawa kuma shirunsu shi ne a'a. Idan rukunin farko ya wuce babu wanda ya nemi cikakken rubutun, ki gyara wasiƙar da shafukan farko kafin ki ƙone sauran sunayen. Ranar da wani ya yi tayi, ki tambaye shi littattafan da ya sayar da kamfanonin da ya sayar wa, ki sanar da sauran da ke riƙe da rubutunki, ki kuma duba cewa yarjejeniyarku ta bayyana yadda za ki iya rabuwa da shi.

Kada ki ɗauka Landan ce kaɗai ƙofa. Kamfanonin gida irin su Cassava Republic da aka kafa a Abuja a 2006, da Parrésia da Masobe da Ouida a Legas, sukan karɓi rubutu kai tsaye daga marubuci a lokutan da suka buɗe ƙofa. Parrésia ne ya fara buga littafin Abubakar Adam Ibrahim da ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG ta dala 100,000 a 2016. Gasar gajerun labarai ta ƙungiyar Commonwealth ma shigarta kyauta ce, kuma wakilai suna sa ido a kan sunayen da suka kai zagayen ƙarshe. Littattafanki na Hausa kuwa kasuwarsu tana nan gida, domin wakilan waje ba sa karanta Hausa, sai an fassara musu aƙalla babi biyu ko uku. Ko littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci, wani ƙaramin kamfani ne mai suna Blaft a birnin Chennai na Indiya ya buga shi a 2012. Idan har akwai inda ya cancanci ki kashe kuɗi a wannan mataki, to wajen ƙwararren edita ne da zai tace Turancin babobin farko, shi ma daga ribar shago, bayan kin ga samfurin aikinsa a kan shafi biyu ko uku na rubutunki kuma kun yi tsada a rubuce.