Tankar ruwa da sunan maƙwabci: wa ke da iko da wayit a Jidda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni dattijo ne mazaunin Jidda, kuma ina da igama, wato takardar izinin zama. A gidan da muke haya ruwan famfo yakan ɗauke, sai mu haɗa kuɗi mu kira wayit, wato motar tankar ruwa, ta cika mana tankin ƙasa. Da zafi ya tsananta, wani direba ya nemi ninkin abin da muka saba biya, muka biya don ba mu da yadda za mu yi. Wannan ya sa nake tunanin in sayi tsohuwar wayit da ɗan abin da na tara, a rubuta ta da sunan maƙwabcina ɗan ƙasa, ɗana ya riƙa tuƙa ta. Wa ke yanke farashin ruwan nan, kuma shirin nawa ya dace da dokar ƙasar?

Wani mai karatu, Jidda

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara girma. Motar da kake son saye hukuma biyu ce ke da hannu a kanta, ɗaya tana duba ruwan da ke cikin tanki, ɗaya kuma tana duba motar da direbanta, kuma shirin naka bai tsallake ko ɗaya daga cikinsu ba.

Saudiyya ba ta da kogin da ke gudana duk shekara, kuma yawancin ruwan da ake sha a Jidda da Makka da Ɗa'ifa ruwan Bahar Maliya ne da aka cire masa gishiri, mafi yawansa daga tashar Shu'aiba da ke kudu da Jidda. Tace ruwan teku aiki ne mai cin wuta da kuɗi, haka ma tura shi ta bututu zuwa Makka ko hawa da shi duwatsun Ɗa'ifa, kuma abin da magidanci yake biya bai kai abin da aka kashe ba, gwamnati ce ke cike giɓin. Ba a shimfiɗa bututu biyu a layi ɗaya don mutum ya zaɓi mai araha, saboda haka mai sayen ruwa ba shi da wurin gudu idan aka tsawwala masa, sai dai hukuma ta tsaya masa. A Kano, idan ɗan garuwa ya ƙara kuɗin jarka, kana iya jiran na bayansa ya turo kurarsa. A Jidda kuwa bututun da ke kawo ruwa gida ɗaya ne.

A 1974 aka kafa hukumar tace ruwan teku domin riƙe manyan tashoshin, a 2008 kuma aka kafa Kamfanin Ruwa na Ƙasa domin raba ruwa da kwashe ƙazanta a manyan birane, ciki har da Jidda. An fitar da dokar ruwa a 2020, sannan a 2024 aka mayar da tsohuwar hukumar tacewa ta zama Hukumar Ruwa ta Saudiyya, aka ɗora mata sa ido a kan masu harkar ruwa. Kuɗin ruwan famfo hawa-hawa ne, wanda ya fi sha shi ya fi biya a kan kowane ma'auni. Batun farashi ba ƙaramin abu ba ne a wurin mahukunta: bayan ƙarin da aka yi a ƙarshen 2015 jama'a sun koka ƙwarai da takardun biya, kuma a watan Afrilun 2016 aka sauke ministan ruwa da lantarki, Abdullahi al-Husayyin.

Dangane da wayit, wurin ɗibar ruwan shi ne ashyab, kamar na Faisaliyya da mutanen Jidda suka sani. Kuɗin da ake biya a can ƙayyadadde ne gwargwadon girman tanki, kuma ana iya neman mota ta manhajar kamfanin ruwa a waya, a samu lambar buƙata da shaidar biya. Direban da ya tsaya a bakin titi yana ciniki baki da baki ya fita daga wannan tsari, kuma abin tsoron ya wuce tsada, domin ba ka san rijiyar da ya ɗebo ba, ba ka kuma san abin da tankin ya ɗauka jiya ba. Tsofaffin mazauna Jidda suna tuna Tafkin Miski da ke gabashin gari, inda motocin kwasar ƙazanta suka yi shekaru suna juye kayansu, har ya zama abin fargaba bayan ambaliyar Nuwamban 2009, aka ƙafar da shi a 2010. Garin da motocin ƙazanta da na ruwan sha suke bin titi ɗaya dole ne ya tsananta wajen raba tankunansu, kuma a ganina wannan tsanani yana kan hanya, ko da yana sa mutum jira a layi ranar da gida ya bushe.

Ita motar kuwa tana ƙarƙashin Babbar Hukumar Sufuri. Mai ɗaukar kaya don a biya shi yana buƙatar lasisin sana'ar, motar tana buƙatar katin aiki ban da istimara (takardar rajistar mota) da inshora da fahas (gwajin lafiyar mota) na lokaci-lokaci, direban kuma sai yana da lasisin tuƙa babbar mota, sana'ar da ke rubuce a igamarsa ta dace da aikin, yana kuma yi wa wanda ya ɗauke shi aiki a hukumance. Baƙo ba ya aiki don ƙashin kansa da motar haya. Wannan ya shafi 'yan'uwanmu masu kaddada, wato ɗaukar fasinja don kuɗi, da ƙananan motoci tsakanin Jidda da Makka, domin dokar sufurin da ta fara aiki a 2025 ta tanadi tarar da ta kai riyal 20,000 da tsare mota har kwana 60 ga mai ɗaukar fasinja ba da lasisi ba, kuma wanda ba ɗan ƙasa ba ana iya fitar da shi.

Inda shirin ya fi haɗari shi ne rubuta motar da sunan maƙwabci. Idan kuɗin naka ne, ribar taka ce, sunan ɗan ƙasa kawai aka ara, wannan shi ne tasattur, kuma dokar hana tasattur ta 2020 ta sa masa ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai riyal miliyan 5, da ƙwace abin da aka samu ta wannan hanya, da korar baƙon bayan ya gama hukuncinsa. Hukuncin yana hawa kan mai sunan da mai kuɗin gaba ɗaya, wato kana iya jefa maƙwabcin kirki cikin masifa da hannunka. Ko da hukuma ba ta taɓa ganowa ba, motar a takarda tasa ce. Idan Allah ya karɓi ransa, magadansa za su lissafa ta cikin gado, kai kuma ba ka da takardar da za ka kai gaban alƙali ba tare da ka tona wa kanka asiri ba. Mutane da yawa suna shiga irin wannan yarjejeniya bisa amana da zaman tare na shekaru, suna manta cewa 'ya'yan mamaci ba su ne suka yi alkawarin ba.

Shawarata ita ce ka bar kuɗinka a inda yake. Idan ɗanka yana son wannan sana'a, ya nemi lasisin babbar mota, ya nemi kamfanin jigilar ruwa mai lasisi ya ɗauke shi, a mayar da aikinsa can ta Qiwa, manhajar hukuma ta harkar ɗaukar ma'aikata, tare da kwantiragi a rubuce. Game da ruwan gidanku kuma, ku fara da mai gidan, ya duba ko tankin ƙasa yana yoyo, domin tsagewar da ido bai gani ba takan shanye rabon gida tun kafin a sake sako ruwa. Ku riƙa neman wayit ta hanyar kamfanin, ku adana lambar buƙata, kuma idan direba ya nemi ƙari a kan abin da aka rubuta, ku ɗauki lambar motarsa ku shigar da koke a kamfanin. Idan ba a warware ba, ana ɗaga koken zuwa Hukumar Ruwa ta Saudiyya da wannan lambar.