An yi masa PCV amma ya kamu: amsa ga mai tambaya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta tambayarki: ɗan maƙwabciyarki an yi masa allurar PCV, wato rigakafin ciwon huhu da ake yi wa jarirai, amma ga shi an kwantar da shi da ciwon huhu, shi ne kike tunanin ko ki fasa kai taki jaririyar allura ta biyu. Allah Ya ba yaron lafiya. Na daɗe ina aikin rigakafi a ƙaramin asibiti, tun kafin wannan allura ta shigo katin yara, don haka ki yi haƙuri, zan ɗan tsawaita.

Ƙwayar cutar da ake yi wa wannan rigakafi sunanta nimokokus. Tana zama a can cikin hanci da maƙogwaron yara da yawa masu ƙoshin lafiya, ba ta yi musu komai. Sai ta samu ƙofa, ko mura mai tsanani, ko ƙyanda, ko tamowa, ko ƙurar hunturu ta busar da hanci, sannan ta gangara huhu, ko ta shiga jini, ko ta haura kai ta zama sanƙarau. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ƙwayar nan dangi ce guda, mai iri sama da 90. Kowane iri da tasa rigar da yake lulluɓe da ita, kuma da rigar garkuwar jiki take gane shi. Lamba aka sa musu: iri na 1, na 5, na 14, na 19A, da sauransu. Allurar tana nuna wa jikin yaro rigunan wasu daga ciki ne, waɗanda suka fi kisa. Wadda Najeriya ta fara bayarwa a ƙarshen 2014 iri 10 ta ɗauko, wadda Nijar ta fara a shekarar kuwa iri 13.

To kin ga, yaro zai iya karɓar allurarsa cif, wani irin da ba ya cikinta ya same shi. Kuma ba nimokokus kaɗai ke kawo ciwon huhu ba, akwai wasu ƙwayoyin, har da irin na mura. A yawancin asibitocinmu likita kan ji ƙirji ya rubuta magani, ba a kai ga gwajin da zai nuna wace ƙwaya ce, balle wane iri. Wannan yana damuna ƙwarai, domin rashin gwajin ne ke barin uwa da zargin allura.

Zaɓen irin da za a sa a allura kuwa ba ƙaramin lamari ba ne a gare mu. Ta farko da aka fitar a Amurka a 2000 iri 7 gare ta, an zaɓe su bisa abin da ke kwantar da yaran can. Babu iri na 1 da na 5 a ciki, alhali suna cikin manyan masu ɗauke mana yara a Afirka ta Yamma. A Gambiya aka gwada mai iri 9 da ta haɗa da su, a kan yara kusan 17,000, aka fitar da sakamakon a 2005: mace-macen yaran da aka yi wa ya ragu da kashi 16 cikin ɗari. Ki lura, mutuwa ce gaba ɗaya aka ƙirga, ko mene ne sanadinta. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan uwa tana naɗe gawar jariri a zani ya san girman wannan lamba. Alluran da muke bayarwa yanzu duk suna da na 1 da na 5. Har ma akwai Pneumosil ta kamfanin Serum na Indiya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2019, an zaɓi irinta ne da ƙasashe irin namu a zuciya.

Akwai kuma wani abu da ba zan ɓoye miki ba. Idan allura ta kori wasu iri daga hancin yara, waɗanda suka rage sukan samu fili su bazu. Haka ya faru a Amurka: bayan mai iri 7, sai 19A ya taso, ga shi da taurin kai ga magani, dole aka fito da mai iri 13 a 2010. Duk da haka jimillar yaran da ke kamuwa da cutar mai tsanani ta ragu sosai, domin masu maye gurbin galibi ba su kai na farkon ɓarna ba.

Iri na 1 shi ne ya fi tsaya mini a rai. Shi kan tashi kamar annoba lokacin rani, kuma ba ya tsayawa kan jarirai. A yankin Brong-Ahafo na Gana, daga ƙarshen 2015 zuwa farkon 2016, ya tayar da sanƙarau, mafi yawan waɗanda ya kama sun haura shekara 5, wato an haife su kafin Gana ta fara allurar a 2012. Tun daga nan masana ke ta muhawara ko ya fi kyau a jinkirta allura ta uku zuwa wata 9 don ƙarfinta ya daɗe, kamar yadda Afirka ta Kudu ke yi. Mu dai tsarinmu sati 6, sati 10, sati 14. Kuma kada a ɗauka PCV ita ce allurar sanƙarau da ake yi a kamfe, waccan wata ƙwaya ce daban take tarewa. Sanƙarau na nimokokus ya fi wancan kisa, wanda ya tsira kuma sau da yawa yakan tashi da kurumta.

Ba na manta wata yarinya 'yar wata 8 da aka kawo mana wani hunturu. Uwar ta ce kwana uku ke nan ana shafa mata man zafi a haƙarƙari. Da na ɗaga rigarta, ƙasan ƙirjin yana lotsawa ciki da kowane numfashi, hancin yana buɗewa yana rufewa, ta kasa kama nono. Na sa agogo na ƙirga, numfashi ya haura 60 a minti ɗaya. Na karɓi katin, layi ɗaya kawai aka cike a gurbin PCV. Uwar ta ce bayan ta farko cinyar ta kumbura, yarinyar ta kwana kuka, sai kakar ta hana a koma. Muka tura su babban asibiti a daren, ta sha iskar oksijin kwanaki, Allah Ya tashi kafaɗunta. Ban ga laifin kakar ba, tausayin jikarta ta ji. Laifinmu ne da ba mu zauna mun gaya musu cewa kumburi da ɗan zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne.

Don haka ki kai jaririyarki, ƙanwata, ki cika ukun. Ko ranar ta wuce ba a sakewa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. In akwai mai sikila a gidan, shi ya fi kowa buƙata, domin saifarsa ba ta iya tace wannan ƙwaya, kuma ki tambayi likita batun fenisilin da ake ba su kullum.

Ko bayan an gama allurar, ki riƙa ƙirga numfashi idan tana tari, lokacin da take kwance ba ta kuka. Daga wata 2 zuwa shekara 1, in ya kai 50 a minti ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. In ƙirji na lotsawa, ko maɗiga ta kumbura, ko wuya ya sanƙare, ko ta fara jijjiga, ko ta ƙi nono, kada a tsaya kemis, a wuce asibiti ko tsakar dare ne.

Maƙwabciyar taki kuma, idan hankalinta ya kwanta, ki roƙe ta ku duba katin tare, ku ga ko layuka ukun duk an cike su da kwanan wata. In da saura, ta gaya wa ma'aikatan kafin a sallame su.