Amsar tambayar aikin yi ga matasa: a fara duba kuɗin saƙa yadi ɗaya

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Malam, na saurari tambayarku cewa me za mu rubuta a takardar shawarar da za a miƙa wa gwamnati kan samar wa matasa aiki, na kuma ji Hajiya ta ce a rufe iyaka kawai a hana shigo da kayan waje. A fahimtata, abin da kuke tambaya a zahiri shi ne, me ya sa atamfar da aka buga a Sin, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Kwatano, ta ratso Nijar ta shigo Kantin Kwari, har yanzu ta fi wadda za a buga a Kaduna ko Kano araha. Matuƙar ba a amsa wannan ba, babu mai kuɗin da zai buɗe masaƙa ya ɗebi ma'aikata, ko da an roƙe shi a gidan rediyo kullum.

Kun san Kakuri, unguwar masaƙu ta Kaduna, ba sai na yi dogon bayani ba. An kafa masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a 1957, su United Nigerian Textiles (UNTL) da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, har Najeriya ta kai tana da masaƙu fiye da ɗari, kuma in aka tashi aiki a Kakuri hanya ba ta biyuwa saboda kekuna. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe ƙofa a 2007. A yawancin waɗannan shekarun akwai dokar hana shigo da yadi, Hajiya, kuma dokar ba ta ceci kowa ba, sai dai ta azurta 'yan fasa-ƙwauri. Mun sake gwadawa da rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kowa ya ga yadda farashin abinci ya yi. Haka nan a wajajen 2010 an ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu domin farfaɗo da auduga da masaƙu, amma rance ba ya maganin masana'antar da ke faɗuwa a kan kowane yadi da ta saƙa, illa dai ya ƙara mata bashi a kan asara.

Masaƙa tana cin wuta dare da rana, tana kuma buƙatar tururi wajen rini da busarwa, wanda a da ake samu da baƙin mai daga matatar Kaduna. Da matatar ta daina aiki yadda ya kamata, sai aka koma sayen mai da tsada daga nesa, wutar gwamnati kuma ta zama sai an ga dama. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 tana rabon megawat dubu huɗu zuwa dubu biyar, sannan a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin samun wuta mafi yawa, daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit. Ku haɗa wannan da rancen banki mai kuɗin ruwa da ya doshi kashi 30 cikin ɗari, da kuɗin tirela daga Legas zuwa Kano, da abin da direba ke ajiyewa a kowane shinge, za ku ga cewa an kayar da mai masaƙa tun kafin ya kunna inji. Ita kanta audugar, manomi a Funtua ko Gusau yana cusa ta a buhun leda, zaren ledar ya bi ta har cikin injin gurza, in an zo rini wurin ya ƙi kama launi, sai a ga farin layi a jikin yadi, mai saye ya rage kuɗi. Gyaran wannan bai wuce buhun yadi da mai sa ido a wurin awo ba, amma ban taɓa jin an sa shi a jawabin bikin ƙaddamarwa ba.

Misalin da nake yawan kawowa, har wasu a nan sun gaji da ji, shi ne Bangaladash. Ƙasar nan kusan duk audugar da take amfani da ita daga waje take sayowa, amma a yau tana da ma'aikatan ɗinki kimanin miliyan huɗu, akasarinsu mata, kuma tufafi ne fiye da kashi 80 cikin ɗari na abin da take fitarwa. A 1979 wani kamfani mai suna Desh ya ƙulla yarjejeniya da Daewoo na Koriya ta Kudu, aka tura mutum 130 can suka koyi aikin daga yanka har zuwa lissafin farashi da mu'amala da mai oda. Bayan 'yan shekaru mafi yawansu suka fita suka kafa nasu kamfanonin. Gwamnatinsu ta yi abu biyu masu sauƙi. Ta yarda mai ɗinki ya shigo da yadi da maɓalli ba tare da biyan kuɗin kwastam ba muddin fitar da kayan zai yi, sannan ta yarda banki ya buɗe masa takardar sayen kayan aiki a kan ƙarfin odar da ke hannunsa, wato ba sai ya jinginar da gidan gado ba. Na san za a tuna mini da ginin Rana Plaza mai ɗauke da kamfanonin ɗinki da ya rufta a 2013 ya kashe fiye da mutum 1,100, da ƙarancin albashinsu, kuma gaskiya ne, babu mai cewa a kwaikwayi wannan. Abin dubawa shi ne mai saye aka fara samowa, aka koya wa mutane aikin da mai sayen yake so, sannan aka cire abin da ke sa kaya tsada ko jinkiri.

Mu kuwa daga wutsiya muke farawa, kuma wannan ne yake ci mini rai shekara da shekaru. A tara matasa a ɗakin taro a koya musu ɗinki ko haɗa sabulu na mako biyu, a raba keken ɗinki a ɗauki hoto, a watse. Na taɓa raka wani yaron unguwarmu karɓar nasa, kuma kafin mu kai bakin titi akwai dillalai a tsaye suna saye a rabin kuɗi, shi ma da ƙyar na hana shi sayarwa. Ban ga laifin yaran ba, domin a layinmu kaɗai teloli sun fi masu kawo ɗinki yawa, in ban da lokacin sallah. Ƙara tela na ashirin a unguwar da kuɗin mutanenta bai ƙaru ba, raba ɗan cinikin da ake da shi ne kawai. Shirin N-Power na 2016 ma, da naira 30,000 ɗinsa a wata, ya rage wa mutane raɗaɗi, amma da wa'adi ya cika ina suka nufa? 

Kada a ce ina ƙin kare masana'antar gida gaba ɗaya. Koriya ta Kudu ta kare nata, sai dai da sharaɗi, kamfanin da aka ba rance mai sauƙi dole ya nuna abin da ya sayar a kasuwar waje, in ya kasa a janye. Wannan sharaɗin ne ba mu taɓa sa wa kowa ba.

Saboda haka, Malam, a takardar nan ku nemi abin da za a iya aunawa. A zaɓi unguwannin masana'antu na Kano, Sharaɗa da Challawa da Bompai, a ba su wuta ta musamman da ba ta yankewa, tunda dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, a kuma matsa a kammala bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara tun 2020, domin shi ne zai maye gurbin baƙin mai. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a 2023 ba za ta yi amfani ba sai kwantena tana zuwa ta jirgin ƙasa, kwastam kuma suna kammala aikinsu a nan Kano. Kuɗin da ake kashewa a rabon kekuna a mayar da shi odar kayan makaranta da na asibiti ga ƙungiyoyin teloli, da sharaɗin inganci da ranar kawowa, kuma a biya su a kan lokaci, don wanda ya iya cika odar riga dubu goma a gida shi ne zai iya neman oda daga Yamai ko Akara a ƙarƙashin yarjejeniyar cinikayya ta Afirka da ta fara aiki a 2021. Batun fata da kiraga da masu jima na Challawa kuwa doguwar magana ce, zan aiko da ita daban in an buƙata. Wassalamu alaikum.