Kilomita nawa ne daga Kano zuwa Jidda a jirgin sama?

Tambaya: Malam, zan tafi Umara. Tikitina ya nuna tashi daga Kano ƙarfe 10 na safe, sauka a Jidda ƙarfe 5 na yamma, awa bakwai ke nan. A dawowa kuwa awa uku kacal na gani. Mene ne ainihin nisan, kuma wanne ne daidai?

Amsa: Duka biyun ba daidai ba ne, agogo ne ya rikita ka. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, tikiti kuma da agogon garin da ake ciki yake rubuta kowane lokaci. Ƙarfe 5 a Jidda, ƙarfe 3 ce a Kano. Cire biyu daga bakwai, ka ƙara biyu a kan uku, za ka ga zuwa da dawowa kowanne awa biyar ne.

Nisan kuwa, idan aka miƙe daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda, kimanin kilomita 3,400 ne, wato mil 2,100 ko kusa da haka. Madina ta ɗan fi, wajen kilomita 3,550. Jirgin fasinja in ya daidaita a sama yana cin kusan kilomita 850 a awa, sai lissafi ya ba ka awa huɗu. Ragowar lokacin yana tafiya ne a hawa da sauka da jiran izini daga hasumiyar filin jirgi.

Amma kada ka riƙe 3,400 ɗin nan tamkar dole. Miƙaƙƙiyar hanyar tana ratsa Cadi, ta bi ta saman Sudan, ta tsallaka Bahar Maliya, kusan layin da alhazan zamanin da can suke bi a ƙasa har su hau jirgin ruwa a Suwakin da ke gaɓar tekun Sudan. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazan Najeriya na wannan shekara sai da suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, kuɗin jigila ma ya tashi.

Sai batun yada zango, wanda a ganina shi ya fi cancanta ka duba kafin ka biya kuɗi. Ta Alƙahira jimillar tafiyar ta kai kilomita 4,300, ta Addis Ababa kuwa ta haura 4,700, ban da zaman jira wanda wani lokaci yakan fi tafiyar kanta tsawo. In kana tare da dattijo, gara ka ƙara kuɗi ka ɗauki jirgin da zai tafi kai tsaye.

Ka kuma tuna Makka ba ta da filin jirgin fasinja. Daga filin Jidda akwai sauran kusan kilomita 100 a mota ko a jirgin ƙasa na Haramain.