Amsa ga ƙanena mai son zuwa Jidda aikin bambar mota

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso ni, inda ka ce ka shekara biyar kana fanalbita da fenti a Ƙofar Ruwa, kana kuma tambaya ko hannunka zai ci a nan Jidda. Amsata ita ce zai ci, amma da sharaɗin ka san roba kamar yadda ka san ƙarfe, domin mafi yawan aikin da ke shigowa warsha, wato gareji, na bamba ne, wadda Larabawa ke kira saddam, kuma bambar motocin yanzu kusan duk ta roba ce.

Abu na farko da maigidana ya koya mini shi ne in juya bamba in karanta cikinta kafin in taɓa ta. Masu ƙera ta suna buga haruffa a jikinta. Idan ka ga PP ko PP+EPDM, wannan roba ce mai narkewa idan zafi ya haura digiri 160, saboda haka ana iya yi mata walda da sandar roba irinta. Idan kuwa PUR ka gani, ba ta narkewa, ƙonewa take yi tana hayaƙi, sai dai a haɗa ta da gam mai haɗi biyu. Idan babu rubutu, yanki ɗan ɓallinta daga ciki ka jefa a kofin ruwa. PP tana tasowa sama.

Batun cire tsohon fenti ne nake so ka natsu a kai, domin a nan na sha kunya. A watana na biyu na shafa wa wata bamba maganin cire fenti irin wanda muke zuba wa ƙarfe, na tafi sallar La'asar ina ganin na rage wa kaina aiki. Ko da na dawo, fentin ya tashi kam, amma robar ta sha maganin, fuskarta ta yi laushi ta kumbura. Na wanke, na busar, na fesa, bayan kwana uku fentin ya yi ƙuraje. Sai da aka sayo wata a tashlih, inda ake sayar da kayan motocin da suka mutu, aka cire kuɗin daga albashina. Tun daga ranar samfefa nake bi. Ana fara wanke bambar da ruwa da sabulu ciki da waje, a goge da maganin wanke roba, ba tina ba, sannan a bi da samfefa mai lamba 180, a koma mai lamba 320 da ta fi laushi. Injin guga ba a sa masa gudu, saboda robar tana ɗaukar zafi ta yi gashi-gashi, kuma wannan gashin ba ya ɓuya a ƙarƙashin fenti. A ganina ma, fentin kamfani da bai tsage ba bai kamata a kankare shi ba. A kashe ƙyallinsa kawai a ɗora a kai. Wanda dole a sauke har ƙasa shi ne fentin da wani ya taɓa maimaitawa yana ɓarewa.

Lotsawa aikinta kaɗan ne: a ɗumama wurin da bindigar zafi daga nesa, a tura daga ciki, a sa jiƙaƙƙen tsumma ya kama. Tsagewa kuwa sai an huda ɗan rami a ƙarshenta don kada ta ci gaba, a fafe bakinta ya zama kwari, a dasa ƙananan wayoyi masu zafi ta baya su riƙe, sannan a cika da narkakkiyar roba. Kada ka cika da bodi fila na ƙarfe, wanda a nan ake kira ma'ajun. Akwai na roba mai lanƙwasa. Kafin firamare kuma, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, duk inda roba ta fito tsirara sai an fesa mata siririn ruwan da ke sa fenti ya kama, domin PP ba ta riƙe fenti da kanta. Wanda ya tsallake wannan, zafin Jidda da kan haura digiri 40 da bazara da kuma ruwan wankin mota mai ƙarfi za su tona masa asiri, fentin ya saɓule kamar ɓawon albasa.

Akwai kuma abin da ba mu cika damuwa da shi a gida ba. Sababbin motoci suna da idanun fakin a jikin bamba, masu gargaɗin direba idan ya kusa bugun wani abu, wasu har da na'urar hango abin da ke gefe a bayanta, kuma ma'ajun mai kauri ko wayar ƙarfe a daidai wurin suna rikita ta. Irin wannan bamba idan ta fashe a daidai wurin na'urar, gaskiya ita ce a gaya wa mai mota ya canza. Haka nan motar da ta yi haɗari ba a taɓa ta sai mai ita ya kawo izinin gyara daga hukumar zirga-zirga, wanda yanzu ake fitarwa ta Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya.

Game da tahowarka, bizar Umara ba ta halatta aiki, kuma wanda aka kama ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, tarhil ne makomarsa, a maida shi gida, shi ma mai warshar da ya ɗauke shi tara ce a kansa. Ka nemi bizar aiki, ka tabbata sana'ar da aka rubuta a ciki ita ce taka, wato samkara (fanalbita ke nan) ko fenti, ba direba ko ɗan aikin gida ba, ka kuma karanta kwantiragin kafin ka ba kowane dillali kwabo. Kafin nan, sayi fasassun bamba biyu ko uku a can Ƙofar Ruwa, ka gyara, ka fesa, ka bar su a rana mako biyu, sannan ka lanƙwasa gefensu da hannu. Ka turo mini hoton abin da ya faru da fentin, in nuna wa maigidana. Ka gaida Inna da mutanen gida.