Na ɗaura eriya a kan rufi, amma sabis bai ƙaru ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a gefen Dakace a Zariya, gidan kwano. Na sayi eriya mai kama da ƙayar kifi, na haɗa ta da rauta, na fuskantar da ita wajen ƙarfen sabis ɗin da nake hangowa. Har yanzu intanet jan ƙafa yake yi. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Da ido ka saita eriyar, alhali da lamba ake saita ta. Ƙarfen da kake hangowa zai iya zama na wani kamfani daban. Ko da na layinka ne, eriyoyin da ke kansa kashi uku suke, kowanne da ɓangaren da yake kallo, wataƙila kai ka faɗo a tsakani.

Sandunan sabis ma kada ka biye musu, kimantawa ce kawai. Haɗa wayarka da rautar, ka buɗe shafin saitinta (192.168.8.1 a yawancin Huawei, 192.168.0.1 a yawancin ZTE), ka nemo RSRP da SINR. RSRP ƙarfin sabis ne: -80 yana da kyau ƙwarai, -100 ba yabo ba fallasa, -110 zuwa ƙasa ya yi rauni. SINR kuma tsabtarsa ce, wato yadda ya rinjayi hayaniyar sauran ƙarafa: sama da 13 madalla, kusa da sifili wahala. Idan biyun suka saɓa, bi SINR. A shafin nan ka duba ko akwai zaɓin eriyar ciki da ta waje, domin wasu rautocin ba sa komawa ta waje da kansu.

Aikin na mutum biyu ne, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa da biro da takarda. A sassauta notin da ya riƙe eriyar, a fara daga gabas, a juya kamar digiri 15, a saki, a matsa gefe saboda jikin mutum yana canza karatun. A jira minti ɗaya kafin a rubuta, don rauta ba ta sabunta lamba nan take. Haka za a yi har a zagayo, tsayawa 24 ke nan. Gajen haƙuri a nan ne yake ɓata aikin yawancin mutane. Inda ya fi kyau sai a koma a tace da digiri 5 dama da hagu, sannan a ɗaure. Siririn bakin eriyar ne gaba, ba mai faɗin ba. Kada ka yi mamaki idan wurin da ya fi kyau bai kalli kowane ƙarfe ba. Sabis yakan bugi gini ko dutse ya dawo, kamar yadda zai iya faruwa ga na kusa da dutsen Kufena.

A gwada da daddare kuma, tsakanin takwas da goma. Ƙarfen da ke kusa da cunkoson jama'a irin na Samaru ko Sabon Gari yana iya ba ka lamba mai kyau amma gudu ya faɗi, wani mai nisa da ba kowa a kansa ya fi shi.

Sai kebul, wanda shi muka fi zargi a lamarinka. Siririn kebul mai suna RG58 mai mita 10 yana cinye wajen 7 dB ko fiye a zangon 1800 MHz. Da dB ake auna asarar sabis, kuma kowane 3 dB rabin ƙarfi ne. Abin da eriyar ta tara a hanya yake zubewa. Kebul mai kauri, LMR-400, mai tsawon nan kusan 2 dB yake ci. Kebul ɗin talabijin 75 ohm ne, rauta kuwa 50 take so, a bar shi. Gara ka matso da rautar kusa da eriya, ka rage kebul zuwa mita 5. Duba bakin da kebul ke shiga rauta ma, samfurin SMA ne ko TS9, kada a tura da ƙarfi.

Idan rautar tana da baki biyu, 4G da hanya biyu yake aiki. Eriya biyu masu kallon wuri ɗaya, ɗaya a karkace digiri 45 dama, ɗaya hagu, sun fi guda ɗaya gudu. Karanta jikin kwalin kuma: wadda aka rubuta 698–2700 MHz za ta ɗauki 4G ɗin da ake yi a nan, ta 900 kaɗai ba za ta yi maka abin kirki ba.

Bututun da aka ɗaura eriyar a kai ya ɗara kwano da aƙalla mita ɗaya da rabi, nesa da tankin ruwa da wayar lantarki. Iskar farkon damina tana juya eriya, don haka ka yi alama da fenti a inda ka ɗaure. Naɗe mahaɗar kebul da tef ɗin roba, ka lanƙwaso kebul ɗin ƙasa kafin ya shiga bango don ruwa ya ɗige a waje, sannan mai gyaran wuta ya haɗa bututun da ƙarfen da ake binnewa a ƙasa saboda tsawa.

In wani ya ce ka ƙara busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sabis, ka sani hukumar sadarwa ta NCC ta hana sa ta ba da izini ba, domin tana ɓata wa maƙwabta sabis.