Tambaya da Amsa: Hotona ya koma kamar an zuba masa shuni

TAMBAYA: Salam malam, ina koyon firogiramin da Turbo C a cikin DOSBox, na buɗe hoton BMP a mode 13h amma wallahi kalar duk ta hargitse, fuskar ƙanena ta koma shuɗiya, wurin da ke da haske kuma ya yi duhu. Kwamfutar ce ko ni ne? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Kwamfutarka lafiyarta lau ɗan'uwa, DOSBox ɗin manhaja ce mai kwaikwayon tsohuwar kwamfutar DOS, tana kwaikwayon katin hoto na VGA ne wanda IBM ta fitar a 1987, kai kuma kana masa magana kamar katin yau.

A mode 13h, wato ɗaya daga cikin tsarin nuna hoto na VGA, allon ɗigo 320 ne sau 200, kowane ɗigo bayit ɗaya, jimla 64,000, to bayit ɗaya daga 0 zuwa 255 kawai yake ƙirgawa shi ya sa kala 256 ce iyakarka a lokaci guda. Kuma lambar da ka rubuta a ɗigon ba ita ce kalar ba, lambar gwangwani ce. Ɗauka mai fenti ya jera gwangwanaye 256, ka ce a shafa na 40, to duk abin da aka dama a ciki shi za ka gani. Jerin nan shi ne falet, in ba ka loda na hoton ta ƙofofin katin (ports) masu lamba 3C8h da 3C9h ba katin zai yi amfani da nashi na asali.

Amma ina kyautata zaton ka loda, nan ne ma tarkon yake. VGA bit 6 take ba ja da kore da shuɗi kowanne, wato 0 zuwa 63, kala 262,144 da za a zaɓa daga ciki. BMP kuwa har 255 yake kaiwa, sai ka tura 200 katin ya yar da bit biyu na sama a bar ka da 8, ga duhun ka nan. Raba kowace lamba da 4 kafin ka tura. Shuɗiyar fuskar kuma BMP da shuɗi yake farawa sannan kore sannan ja, da bayit na huɗu da za ka tsallake, kai ka karanta a juye.

Mu fa ma mun gode Allah da 256 ɗin, a katunan da suka riga VGA, CGA ta 1981 kala 4 ce a wannan girman, EGA ta 1984 kala 16. Ba rowa ba ce memori ne ke da tsada, VGA gaba ɗayanta 256KB ce, alhali 640 sau 480 da cikakkiyar kala ta bit 24 na cin bayit 921,600.

In hoton daga waya ka ɗauko, ka fara mayar da shi kala 256 da manhajar gyaran hoto ta GIMP, kuma kar ya wuce 320 sau 200. In ya fito kai a ƙasa kar ka tsorata, BMP daga layin ƙasa yake farawa.